Zuciya takwas a kwali, amma zafin Garwa ya fi ƙarfinta

Wata Asabar cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, na tsaya a rumfar ɗan yayata a unguwar Yelwa, nan Garwa, inda yake sana'ar tura kuɗi da cire su ta waya. Mutum biyar ne tsaye a kansa. Wata dattijuwa ta miƙa masa takardar da aka rubuta lambar ɗanta, yana ta danna waya, waya ta ƙi motsi. Sai na ga ya cire mata riga, ya tsoma tsumma a ruwan randa, ya matse, ya shimfiɗa a kan tebur, ya kwantar da ita a kai kamar mai jinyar yaro mai zazzaɓi.

"Inna, ki ɗan yi haƙuri, zafi ta ɗauka," in ji shi. Sannan ya juyo gare ni. "Kawu, wata huɗu ke nan da sayenta. Mai shago ce mini ya yi zuciya takwas gare ta, babu wadda ta kama ƙafarta a kuɗinta."

Abin ya tsaya mini a rai har na koma gida. Yaron nan wata da watanni ya yi yana tara kuɗi, kuma gudu aka sayar masa. To amma gudun ba ya samuwa sai da asuba ko bayan isha'i, lokacin da babu mai tsayawa a rumfarsa. A tsakiyar rana, sa'ad da yake neman abincinsa, wayar takan zama kaya.

Ga matsayata tun da wuri. Ƙwaƙwalwar wayar da ta dace da mu ita ce wadda za ta riƙe aikinta a zafin digiri 42, ta sha caji kaɗan, ta kuma shekara huɗu ko biyar ba ta fara ruɗewa ba. Lambar gudun da ake bugawa a kwali ta biyo bayan waɗannan. Kuma ina ganin hakkinmu ne a riƙa rubuta mana waɗannan abubuwa uku a jikin kwali, da awon da aka yi a irin zafinmu.

Sana'ata haɗa sola ce. Daga Pitowa zuwa Gider, har ƙauyukan bayan Poli, na buɗe akwatunan na'urori da yawa da rana ta dafa. Daga can wannan ra'ayi ya samo asali.

Abin da ke ƙarƙashin ƙarfen

Idan mai gyaran waya ya buɗe ta, ya ɗaga siririn ƙarfen da ke rufe da fanel, wato allon da kayan lantarkinta ke kai, za ka ga wani ɗan baƙin murabba'i da bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar waya. A cikinsa akwai mai lissafi, akwai mai zana abin da kake gani a fuskar waya, akwai mai magana da eriyar kamfanin sadarwa, akwai mai gyara hoton kyamara. A da kowannensu da gidansa daban a kan fanel. Yanzu an tattara su a gida ɗaya, a kan guntun silikon guda.

Tattarawar ta yi amfani: hanya ta gajarta, wuta ta ragu, wuri ya samu. Amma duk zafin da suke fitarwa ma ya taru a wuri guda, kuma waya ba ta da fanka.

Aikin duka na ƙananan makunnai ne da ake kira taransista. Furosesan Intel 4004 na shekarar 1971 yana da guda 2,300. M1 na Apple da ya fito a 2020 yana da biliyan 16. Duk lokacin da makunni ɗaya ya kunna ko ya kashe, ya ci wuta, wutar kuma zafi take komawa.

Don haka mai tsara furosesa kamar mai girka tukunya ne a murhun duwatsu uku: gudu, da cin wuta, da ƙarko. Ka ɗaga dutse ɗaya ya fi sauran, tukunya ta karkace.

Lissafin da mai shago ba ya faɗa

A nan zan ɗan zauna, domin nan ne tushen maganar.

Wutar da furosesa ke ci tana tashi daidai da gudunsa. Amma ga ƙarfin bolt, tashin ninki ne, wato bolt sau bolt. Kuma furosesa ba ya iya kai ƙarshen gudunsa sai an ƙara masa bolt. Yanzu a ce ka rage gudu da kashi 20 cikin 100, ka rage bolt da kashi 20 cikin 100. Buga lissafin: 0.8 sau 0.8 sau 0.8, ya ba ka 0.512. Ka sadaukar da kashi ɗaya cikin biyar na gudu, ka tsira da kusan rabin wuta.

Juya maganar ka gani. Ɗan gudun nan na ƙarshe, wanda shi ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali, shi ke iya cinye kusan rabin cajinka, shi ke haifar da kusan rabin zafin.

Duk ɗan acaɓa ya san wannan a jikinsa. Daga Garwa zuwa Pitowa, wanda ya murɗe totur har ƙarshe zai riga mai tafiya daidai isa da 'yan mintoci, amma ka leƙa tankinsa, ka kuma taɓa injinsa.

Manyan kamfanoni ma sai da suka ci karo da wannan bango. Tun 1974 wani injiniyan IBM, Robert Dennard, da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ƙanƙanta taransista, za a iya rage bolt ɗinta, ta ƙara gudu ba tare da zafi ya ƙaru ba. Shekara talatin ana cin moriyar wannan. Wajen 2005 abin ya tsaya, domin taransistocin sun ƙanƙance har sun fara yoyon wuta ko da a kashe suke. Furosesan Pentium 4 na Intel ya tsaya a gigahaz 3.8 (gigahaz ma'aunin gudun furosesa ne), kamfanin kuma ya soke wanda ya shirya zai gaje shi a 2004. Daga nan aka daina neman doki ɗaya mai tsananin gudu, aka koma zuba zukata, wato sassan da ke yin lissafi, da yawa a furosesa guda.

A 2011 kamfanin ARM na Ingila, wanda kusan duk wayoyinmu da tsarinsa suke aiki, ya fito da dabarar haɗa manyan zukata da ƙanana. Ƙananan su ne jakuna, su ke ɗaukar kayan yau da kullum, kira da saƙo da WhatsApp, da ɗan ci kaɗan. Manyan su ne dawaki, ba a tayar da su sai an zo sukuwa. Dabara ce mai kyau, ina yaba ta.

Sai dai kalmar "zuciya takwas" ba ta gaya maka ko dawaki nawa ne, jakuna nawa. SC9863A na Unisoc zuciya takwas ne, dukansu ƙanana, an ƙera shi da tsohuwar fasahar nanomita 28 (ƙaramar lamba na nufin ƙananan taransistoci da sabuwar fasaha). Helio G35 na MediaTek ma zuciya takwas ne, dukansu Cortex-A53, tsarin da aka sanar tun 2012. Helio G99 shi ma takwas ne, amma biyu manya, shida ƙanana, a fasahar nanomita 6. A bakin mai shago duka ukun sunansu ɗaya. A hannun mai saye, tsakaninsu akwai tazara mai nisa, a gudu da kuma cin batir.

Zafinmu ba irin nasu ba ne

Apple ya rubuta a fili cewa an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 0 da 35. Wasu manyan kamfanonin ma iyakar da suke bayarwa ke nan. To a Garwa da Marwa da Kusiri da Njamena, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, wuce digiri 40 a inuwa ba labari ba ne. Ma'ana, wata biyu ko uku a shekara, kowace rana tsaka, wayoyinmu suna aiki ne a wajen iyakar da aka tsara musu.

Zafi ba ya fita daga waya sai idan iskar da ke kewaye da ita ta fi ta sanyi. Masu ƙera waya ba sa barin bayanta ya wuce wajen digiri 45, don kada ya ƙona hannu. A ɗakin gwaji mai digiri 25, tazarar digiri 20 ce, zafi na fita a sauƙaƙe. A rumfar ɗan yayata mai rufin kwano, inda iska take 42, tazarar digiri 3 ce kacal. Ƙofar fitar zafi ta kusa rufewa. Abin da ya rage wa furosesa shi ne ya rage gudu, ya rage hasken fuska, wani lokacin ya dakatar da caji.

Akwai kuma yoyon nan da na ambata. Yana ƙaruwa ne da zafi. Furosesa ya yi zafi, yoyo ya ƙaru, yoyo ya ƙara zafi, zafi ya ƙara yoyo. Shi ya sa za ka ajiye waya a aljihu ba ka taɓa ta ba, ka fito da ita da la'asar ka tarar caji ya zube. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu ne masu wannan ɗakin.

Ga wani abin da ya ƙara ɗaure mana ƙafa: lokacin zafin shi ne lokacin ƙarancin wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo a kan Binuwai, mai megawat 72, wadda aka kammala a 1982. Idan ruwa ya ja baya da rani, wuta ta ja baya. Tashoshin sola na Marwa da Gider sun kawo sauƙi, amma har yanzu akwai ƙauyuka birjik da ba su ga turken wuta ba. A Cadi kuwa, masu lantarki ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba.

Je ka kasuwar ƙauye ranar cinta ka tsaya wurin mai caji. Akwatin katako ne mai layin soket, wayoyi talatin ko arba'in a jibge, wata kan wata, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, janareta na ruri a gefe. Sa hannunka a cikin akwatin, kamar tanda. Kowane caji sefa 100. Wayar da ke neman caji kullum ta ci sefa 3,000 a wata; wadda ke kwana biyu ta ci rabin haka. Ga manomi, wannan bambancin kuɗin cefane ne. Kuma furosesa na cikin manyan masu yanke wannan hukunci, shi da fuskar wayar.

"Ai gudu ma buƙata ce"

Cikin hujjojin masu ja da ni, wannan ita ce wadda na fi girmamawa, domin gaskiya ce. Manhajoji suna ƙara nauyi kowace shekara. Wayar da ke ɗaukar daƙiƙa goma kafin ta buɗe manhajar banki ita ma azaba ce. Injiniyoyi ma suna da wata hujja mai ƙarfi: furosesa mai sauri yakan gama aikinsa da wuri ya koma barci, sai ya zama ya ci wuta ƙasa da mai jan ƙafa da ya daɗe a farke.

Na yarda. Har zan ƙara da cewa wayar araha mai tsohon furosesan nanomita 28 takan fi sabon shan caji a kan aiki iri ɗaya. Don haka ba ina kira ne a koma ga tsofaffin kaya ba, kuma ba ina cewa talaka ya haƙura da nawa ba.

Tambayar ita ce, wane gudu? Manhajojin gwaji irin su AnTuTu da Geekbench 'yan mintoci suke ɗauka su ba da maki. A 'yan mintocin nan waya ba ta gama ɗumama ba, sai ta zuba iya ƙarfinta. Makin nan ne samari ke nuna wa juna a Facebook. Amma mai tura kuɗi ba aikin minti biyar yake yi ba, daga safe ne har dare. Ɗan acaɓan da ya ɗaure waya a kan babur rana na dukanta, malamar asibiti da ke shigar da sunayen yaran rigakafi a ƙauye, ɗalibin da ke bin darasi ta bidiyo, dukansu gudun da zai dawwama suke buƙata. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

An sha kama kamfanoni ma suna sa waya ta gane manhajar gwaji, ta saki ƙarfin da ba ta saki a aikin yau da kullum. A 2018 masu manhajar 3DMark sun cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu saboda haka, a 2022 kuma Geekbench ya cire wasu na Samsung kan irin wannan bambanci. Idan har maki na iya rabuwa da gaskiya a ɗaki mai sanyi, ina ga rumfar kwano?

"Rage gudun ai kariya ce"

Haka ne. Furosesan da ke ja da baya idan ya ji zafi ya fi wanda zai ci gaba har ya ƙone. Ban ga laifin dabarar ba. Laifin da na gani shi ne ɓoye ta.

A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin wayoyinsa idan batirinsu ya tsufa, don kada su riƙa mutuwa ba zato. Ta fuskar injiniya, dalili ne mai ma'ana. Duk da haka a 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25, saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Tarar ta rashin faɗa ce. Abin da nake nema mana ke nan: a faɗa. Idan wayarka rabin gudunta take yi a digiri 42, rubuta, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Ƙarko, dutsen da ba a gani

Gudu ana ganinsa ranar saye. Cin caji ana gane shi cikin mako. Ƙarko kuwa sai bayan shekara biyu, lokacin da garanti ya ƙare, mai shago ma wataƙila ya canja sana'a.

Mutane da yawa na ɗauka furosesa ba ya tsufa tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Yana tsufa. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe sirara, sun fi gashi sirantaka sau ɗaruruwa. Wutar da ke bi ta cikinsu tana kwasar ƙwayoyin ƙarfen sannu a hankali, kamar yadda Binuwai ke cin gaɓa da damina: nan ya zaizaye, can ya taru, wata rana hanya ta yanke. Tun 1969 James Black na kamfanin Motorola ya fitar da lissafin wannan zaizaya, kuma lissafin ya nuna abu biyu ne ke hanzarta ta, yawan wuta da zafi. Taransistocin su ma suna gajiya da yawan bolt. Masu aikin lantarki suna da wani ƙiyasi na aiki: ga kayayyaki da yawa, ƙarin digiri 10 na iya rage rayuwarsu da kusan rabi.

Kada a ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke samu. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu manyan furosesocinsa na kwamfuta, zubi na 13 da na 14, suna lalacewa saboda bolt ɗin da suke nema ya yi yawa, har ya ƙara musu garantin shekara biyu. An matsa wa dutsen gudu, dutsen ƙarko ya nutse. Shekara talatin kafin nan, a 1994, wani kuskure a lissafin rabawa na Pentium ya jawo wa kamfanin asarar dala miliyan 475. Wannan kuskuren tsari ne, ba na zafi ba, amma ya nuna abu guda: furosesan da ke ba da amsar ƙarya da sauri ba shi da amfani.

Masana'antar ta san yadda ake yin mai jure zafi. Kayan lantarki aji-aji ne. Na kasuwa ana ba shi daga digiri 0 zuwa 70. Na masana'antu daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. Na mota akwai mai kai 125. Motar bincike Perseverance da Amurka ta saukar a duniyar Mars a 2021, furosesanta bai wuce megahaz 200 ba, gudun kwamfutar ƙarshen shekarun 1990. An zaɓe shi ne domin can babu mai gyara.

A ƙauyukan da nake aiki ma babu mai gyara. Na taɓa komawa wani ƙaramin asibiti inda na'urar daidaita cajin sola ta mutu bayan rani biyu. Na buɗe akwatin ƙarfen, ƙura ta toshe ramukan iska, fanel ya yi launin toka-toka a kewayen furosesan, robar wayoyi ta bushe tana karyewa a hannu. Firjin allurar rigakafi a kan wannan na'urar yake. Ma'aikacin ya ce mini, "Malam, kwana uku ke nan muna kai allura garin gaba a cikin kula." A takardar na'urar an jera abubuwa goma sha da take iya yi, har da haɗuwa da waya. Da an rage biyar daga ciki an sa kayan da ke jure digiri 85, da firjin bai tsaya ba.

Ba waya kaɗai nake nufi ba ke nan. Mitar wuta, na'urar cire kuɗi, famfon sola, kwamfutar makaranta, duk furosesa ke cikinsu, duk rana ɗaya ke dukansu.

"Laifin batir ne da cajar banza"

Rabin gaskiya ce. Batirin lithium shi ya fi komai tsoron zafi, kuma jabun caja da wutar janareta mai hawa da sauka sun kashe wayoyi ba adadi. Mu ma muna da namu: caji a ƙarƙashin matashi, waya a gaban mota cikin rana, kallon bidiyo tana jone. Amma batir da furosesa maƙwabta ne a cikin kwanso ɗaya. Furosesa mai cin wuta yana gasa batir daga gefe, yana kuma sa a yawaita caji, kowane caji kuwa yana rage masa kwana. Ba a raba su.

"Wa zai saurare mu?"

Wasu za su ce, mu da ba mu ƙera ko allura, ina mu ina gaya wa Taiwan yadda za ta tsara furosesa? Kamfanin TSMC da ke can shi ke ƙera mafi yawan furosesoci na zamani, masana'anta guda tana cin biliyoyin dala. Gaskiya ne ba za mu gina irinta a Garwa ba.

Amma dubi wayoyin da ke hannun mutanenmu: Tecno, Itel, Infinix. Dukansu na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a Sin. Da me ya mamaye kasuwar Afirka? Da sauraro. Ya ga muna riƙe layi biyu saboda matsalar rezo, wato sabis ɗin waya, ya sa gurbin sim biyu. Ya ga hoton baƙar fata ba ya fita da kyau, ya gyara kyamara. Ya ga wuta ba ta zama, ya sa babban batir. Kasuwar da ta sa aka yi waɗannan za ta iya sa a zaɓi furosesa mai jure zafi, a daidaita shi don rana, a faɗaɗa abin da ke kwashe masa zafi. Mai haɗa waya ne ke zaɓar furosesa, shi ke kuma yanke iyakar bolt da gudun da zai bar shi ya kai.

Doka ma tana aiki. Tun 20 ga Yuni 2025, duk sabuwar wayar da za a sayar a Tarayyar Turai sai ta zo da takardar da ke nuna tsawon lokacin da cajinta ke kaiwa da yadda take jure faɗuwa da ƙura da ruwa. Dole batirinta ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji 800, dole a samar da kayan gyaranta shekara bakwai bayan an daina sayar da ita. Su sun auna abin da ya dame su, sun tilasta a rubuta.

Mu ma muna da hukumomi. A Kamaru akwai ART mai tantance na'urorin sadarwa kafin su shiga kasuwa, akwai ANOR mai kula da ma'auni. A Cadi akwai ARCEP. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, kuɗinsu ɗaya, iyakar kwastansu ɗaya. Abin da nake roƙo ƙarami ne: layi uku a kwali. Gudun da waya ke riƙewa bayan minti 30 tana aiki a digiri 42. Awa nawa cajinta ke kaiwa a wannan zafin. Sunan furosesan da ke ciki a cike, ba adadin zukata kawai ba.

Gwajin ba ya neman masana'antar biliyoyi. Akwati ne mai riƙe zafi daidai, da ma'aunin wuta, da kwamfuta. Makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa ko ta Gaundare za su iya ɗaukar wayoyi ashirin da suka fi tafiya a kasuwa, su gwada, su buga sakamako da Faransanci da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, a karanta a rediyo. Ranar da mai saye ya fara shiga shago da wannan takarda a hannu, 'yan kasuwar da ke sauke kaya daga Duwala da Kano za su fara tambayar masu kawo musu.

Za a ce zai ƙara tsada. Wataƙila ya ƙara kaɗan. Amma wanda ya sayi waya sefa 60,000 ta mutu a shekara biyu ya biya 30,000 a shekara. Wanda ya sayi ta 80,000 ta yi shekara huɗu ya biya 20,000, ban da rarar kuɗin caji. Talaka ne ya fi kowa buƙatar sanin wannan kafin ya zaro kuɗinsa, domin shi ne ba shi da na sayen ta biyu.

Kafin hukuma ta motsa, na koma rumfar ɗan yayata da abin da hannuna ke iyawa. Mun ɗaga kwanon rufin, mun shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, mun matsar da tebur daga inda rana ke faɗowa bayan azahar. Na kunna masa tsarin tattalin batir, wanda ke hana manyan zukatan sukuwa, na ce ya riƙa caji da asuba, kada ya yi aiki da ita tana jone. Tsumman nan mai jiƙa na hana shi, domin damshi na shiga ta ramin caja ya ci fanel.

Wayar ta ɗan samu sauƙi, amma har yanzu tsakanin ƙarfe ɗaya da uku takan yi nauyi. Ya fara ajiye sefa 500 kullum don sayen wata wayar. Ya ce in raka shi ranar saye, kuma mun yi shawara za mu je da azahar, mu roƙi mai shago ya bari mu kunna bidiyo na rabin awa a bakin ƙofa kafin a yi ciniki.